Kwana Biyu a Daji: Yadda Jami'o'in Amurka Ke Gwada Hafsoshin Gobe

A jami'o'in Amurka akwai ɗaliban da makonsu ba ya ƙarewa ranar Juma'a. Sau ɗaya a kowane zangon karatu, yawanci a watan Oktoba sannan kuma wajen Maris ko Afrilu, sa'ad da abokan karatunsu ke shirin zuwa kallon ƙwallo ko tafiya gida, su sai su rufe littattafai, su sa kaki, su goya jaka mai nauyin kilo 16 ko fiye, su shiga bas zuwa dajin atisaye na soja. Sai Lahadi da yamma za su dawo, ƙafafu duk bororo, idanu sun yi ja don rashin barci, ga kuma jarrabawa tana jiran wasunsu Litinin da safe.

Waɗannan su ne 'yan kadet na shirin ROTC, tsarin da rundunar sojan Amurka ke bi tana horar da hafsoshi a cikin jami'o'in farar hula. Fitar tasu FTX suke ce mata a taƙaice, wato atisayen fili. Wanda ya hango su daga nesa da bindigogi a kafaɗa zai ɗauka harbi aka je koyo, alhali harbin ɗan ƙaramin yanki ne na aikin. Abin da ake son gani shi ne ko saurayi ko budurwa mai shekara ashirin, ga yunwa, ga sanyi, ga barci a ido, zai iya tuna cewa akwai mutum takwas a bayansa suna jiran ya faɗa musu inda za su sa ƙafa. Nan da shekara ɗaya ko biyu za a danƙa masa sojoji na gaske wajen arba'in. Gara a san halinsa tun yanzu, a wurin da kuskure ba ya jawo asarar rai.

Soja a cikin aji

Tunanin horar da hafsoshi a makarantun farar hula ya girmi shirin kansa da kusan ƙarni guda. A 1819 wani kyaftin mai suna Alden Partridge, wanda ya taɓa shugabantar makarantar hafsoshi ta West Point, ya kafa makaranta a garin Norwich na jihar Vermont. A ganinsa, ba alheri ba ne ga ƙasa hafsoshinta su zama wasu mutane daban da ke rayuwa a bayan katangar bariki. Ya fi so a sami injiniya da lauya da manomi waɗanda suka san aikin soja, a kira su in buƙata ta taso. A 1862, ana tsakiyar yaƙin basasa, Shugaba Abraham Lincoln ya sa hannu a dokar Morrill, wadda ta ba jihohi filayen gwamnati don kafa kwalejojin noma da fasaha, tare da sharaɗin a riƙa koyar da dabarun soja a cikinsu. A 1916 kuma, Turai na cikin Yaƙin Duniya na Ɗaya, Shugaba Woodrow Wilson ya sa hannu a dokar tsaron ƙasa wadda ta tattara waɗannan darussa a tsari guda mai suna ROTC.

A yau ɓangaren sojan ƙasa kaɗai yana da cibiyoyi a jami'o'i da yawa, kuma ɗaliban wasu ɗaruruwan makarantu na makwabta suna zuwa horo a cikinsu. Hedikwatar shirin tana barikin Fort Knox a jihar Kentucky. Hafsoshin da ke fitowa ta wannan ƙofa duk shekara sun ninka na West Point nesa ba kusa ba. An fara karɓar mata a 1972, rukunin farko ya sami anini a 1976. Janar Colin Powell, ɗan baƙin haure daga Jamaika wanda ya tashi a birnin New York, ta nan ya shiga soja: ya gama City College a 1958, ya zama shugaban hafsan hafsoshin Amurka daga 1989 zuwa 1993, daga baya kuma sakataren harkokin waje.

Mai karatu a Nijeriya ya saba da tsarin NDA ta Kaduna, wadda aka kafa a 1964, inda ɗalibi ke kwana ya tashi a bariki har ya gama. West Point ma haka take. Ɗan ROTC kuwa ɗalibi ne kamar kowa. Yana iya karanta aikin jinya ko tarihi ko kwamfuta, yana kwana ɗaki ɗaya da wanda bai taɓa riƙe bindiga ba, wani ma yana aikin wucin gadi a kanti da yamma. Bambancinsa da sauran shi ne fitowa motsa jiki wajen ƙarfe shida na safe kwana uku a mako, da darasin ilmin soja a aji, da ƴan sa'o'i na gwaji a filin makaranta. Shekara biyu na farko ba su ɗaure mutum ba, sai fa wanda ya karɓi tallafin karatu. Daga aji uku ne ake sa hannu a yarjejeniya. Duk abin da aka koya a allo cikin watanni, a waɗannan kwana biyu na daji ake fito da shi a ga ko ya zauna.

Juma'a: lissafi kafin tafiya

Ba a fafe gora ranar tafiya, shi ya sa aikin ke somawa tun mako guda kafin Juma'ar. Ana raba takardar kayan da kowa zai ɗauka: hular kwano, gorar ruwa, rigar ruwa, bargon soja mara nauyi, tocila mai jan gilashi, safa masu yawa, kamfas, biro da ɗan littafi. Ranar tashi kowa zai zazzage jakarsa a ƙasa, a bi kaya ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya manta safa ba shi za a fara tuhuma ba, shugaban rukuninsa za a tambaya me ya hana ya duba. Daga nan darasin farko ya soma.

Kowane aji da matsayinsa. 'Yan aji ɗaya da aji biyu mabiya ne, suna koyon tafiya cikin sahu da bin umarni. 'Yan aji uku su ne a kan sikeli, domin su za a riƙa ba shugabanci bi da bi ana auna su. 'Yan aji huɗu, waɗanda suka riga suka wuce wannan mataki, su ne masu tsara atisayen: su nemi motoci, su ƙididdige abinci da ruwa, su zana jadawali, wasunsu kuma su sa tufafi daban su zama abokan gaba. A samansu akwai sojoji na ainihi, yawanci laftanar-kanar guda wanda jami'a ke ɗauka a matsayin farfesan ilmin soja, da kyaftin-kyaftin, da saje-saje da samanja waɗanda da dama cikinsu sun yi yaƙin Iraƙi ko Afganistan.

Kowace makaranta tana zuwa filin soja mafi kusa da ita. 'Yan Pennsylvania na zuwa Fort Indiantown Gap, 'yan yankin Boston na zuwa Devens, 'yan Indiana na zuwa Camp Atterbury, na San Antonio a Texas kuma Camp Bullis. Wani lokaci a ba su bindigar M4 da harsashi mara kai, wanda ƙara da hayaƙi kawai yake yi. Wani lokaci kuma bindigar roba ce mai siffa da nauyin ta gaske. Ko wacce ce, ana rubuta lambarta da sunan mai riƙe da ita, kuma ba ta barin hannunsa ko da zai shiga bayan gida. Ƙidaya ba ta ƙarewa: a ƙirga mutane kafin a hau mota, a ƙirga bayan an sauka, a ƙirga bayan an tsallake rafi. In bindiga ɗaya ko na'urar gani da dare ta ɓace, babu mai komawa gida sai an gan ta.

Taswira, kamfas da taku

Mafi yawan waɗannan matasa sun tashi ne a zamanin da waya ke gaya wa mutum inda zai juya. A nan ana karɓe wayar. A miƙa wa ɗalibi taswira wadda santimita biyu a kanta ke daidai da kilomita ɗaya a ƙasa, da kamfas, da ɗan faifan roba na auna kusurwa, da takarda ɗauke da lambobi. Kowace lamba mai alƙaluma takwas tana nuna wani wuri da faɗinsa bai wuce mita goma ba, a can cikin ƙurmi, inda aka kafa ɗan turke da alama a jikinsa. Aikinsa ya je ya samo alamomin ya dawo kafin lokaci ya cika.

Kafin ya ɗaga ƙafa sai ya zauna ya yi lissafi. Arewar da allurar kamfas ke nunawa ba ita ce daidai arewar taswira ba, akwai ɗan bambanci da aka rubuta a gindin taswirar, dole ya ƙara shi ko ya rage. Kuskuren digiri ɗaya tak yana kautar da mutum kusan mita 17 a tafiyar kilomita guda, kuma a cikin duhun itatuwa mita 17 ta isa ya wuce turken bai gani ba. Nisa kuwa da ƙafa ake aunawa. Kowa ya san yawan takunsa a mita ɗari, galibi sittin da wani abu in ana ƙirga saukar ƙafar hagu kaɗai. Da yawa suna rataye wata igiya mai duwatsu kamar ƙaramin carbi, su ja ɗaya duk mita ɗari don kada lissafi ya kuɓuce. Amma hawan tudu yana gajarta taku, laka tana gajarta shi, gajiya ma haka. Shi ya sa gwanaye ba sa dogara ga kamfas kaɗai. Suna karanta ƙasar: ga kwari a dama, ga tudu a gaba, in na tarar da hanyar mota to na zarce.

Bayan faɗuwar rana sai a sake, wannan karon cikin duhu. Farin haske haramun ne, sai ja, shi ma a ƙarƙashin rigar ruwa ake kunna shi don duba taswira. A nan ne ɗalibi ke gamuwa da abin da aji ba ya koyarwa. Ya ƙirga takunsa ya cika, ya haska, babu turke. Zuciya ta ce masa ya yi gaba kaɗan, wataƙila yana can, kuma wannan "kaɗan" ɗin ce ke ɓatar da mutane. Abin da aka koya masa shi ne ya tsaya, ya yarda cewa ya kauce, ya koma wurin ƙarshe da ya tabbatar da shi, ya sake aunawa. Yarda da kuskure da wuri tana cin minti goma. Taurin kai yana cin dare ɗungurungum, kuma ranar da yake jan mutum arba'in a baya, su ma zai cinye musu.

Kwanan sansani

Babu tanti a yawancin irin wannan fita, babu hura wuta. Rukuni yana zaɓar wuri mai duhuwa nesa da hanya, ya zauna a siffar alwatika, kowa na fuskantar waje, manyan bindigogi a kusurwoyi uku, shugabanni a tsakiya. Ayyuka suna da jeri wanda ba a tsallakewa. Tsaro ne farko. Sannan a goge makamai, ba duka lokaci ɗaya ba. Sannan ruwa, da duba ƙafafu, da abinci. Barci ne na ƙarshe. Ana kwana biyu-biyu, ɗaya ya kwanta ɗaya ya yi gadi, su riƙa canji har asuba. Wanda ya sami sa'a uku ko huɗu a daren ya yi arziki.

A jihohin arewa, daren Oktoba na iya kusantar daskarar da ruwa. Raɓa tana jiƙa bargo, gumin rana ya zama sanyi a jiki. Mai gadi yana kwance rub da ciki, yana kallon duhu, ya san sarai cewa abokan gaban 'yan aji huɗu ne da suke cin abinci tare a makaranta. Babu abin da zai same shi in ya runtse ido. Daidai wannan ne ake gwadawa: ko zai riƙe amanar abokinsa mai barci a lokacin da babu mai ganinsa. Kafin ketowar alfijir kuma sai a tashi kowa, a naɗe kaya, a kwanta a bayan bindiga shiru har gari ya waye, domin tun zamanin da, wannan ne lokacin da mahara suka fi so.

Abincin yana cikin wata leda mai kauri da ake kira MRE, wadda ta fara shiga hannun sojan Amurka a farkon shekarun 1980. Kowace ɗaya tana da kuzarin kalori wajen 1,200, da wata 'yar jaka mai sinadarin da ke ɗaukar zafi da zarar an zuba masa ruwa, sai a ɗumama abinci ba tare da wuta ba. Sau da yawa lokacin ɗumamawar ba ya samuwa, sai a ci da sanyinsa a tsaye. Akwai irin na halal, amma sai an nema tun kafin tafiya. Ɗan kadet Musulmi yakan gaya wa shugabansa lokutan salla tun da wuri, kamfas ɗin da ke wuyansa kuma ya nuna masa alƙibla, wadda daga yawancin Amurka take arewa maso gabas. Batun addini a cikin kaki ya sha gwagwarmaya. A 2015 wani ɗalibi mabiyin addinin Sikh a jami'ar Hofstra ya yi nasara a kotu aka bar shi ya shiga ROTC da rawaninsa da gemunsa, a 2017 kuma rundunar ta sauƙaƙa ba da izinin hijabi da rawani da gemu saboda addini.

Asabar: yau kai ne shugaba

Asabar ce zuciyar atisayen. Ana raba ɗalibai ƙananan rukunoni na mutum tara, ko manya na wajen arba'in, a bi da su tasha-tasha. A kowace tasha akwai aiki daban: kai hari kan wani sansani, yin kwanton ɓauna a bakin hanya, leƙen asiri, ko mayar da martani in an buɗe musu wuta ba zato. A kowace tasha kuma ana canja shugaba. Mai aunawa zai kira suna ɗaya, ya karanta masa umarni daga sama, ya ce masa lokaci ya fara tafiya.

Abin da ke biyo baya yana da ƙa'ida. Shugaba ba ya cinye lokacin shiri shi kaɗai: kashi ɗaya cikin uku nasa ne, kashi biyu na mutanensa, don su ma su shirya. Zai share ƙasa ya gina ƙaramin hoton filin da zare da tsakuwa da ƴan katuna, ga rafi, ga tudu, ga inda abokan gaba suke. Sannan ya tara mutanensa ya ba da umarni mai sassa biyar, kullum a jere ɗaya: halin da ake ciki, aikin da aka ba mu, yadda za mu yi shi, abin da za mu buƙata na ruwa da harsashi da kula da masu rauni, sai kuma wa ke shugabanci in na faɗi da yadda za mu yi magana da juna. Jerin ba ya canjawa domin wanda ya gaji ya san inda zai kasa kunne. Bayan haka a yi gwaji a tsaye, kowa ya taka rawarsa, kafin a tashi.

Da harbin farko tsarin yakan watse. Ƙarar harsashi mara kai ta isa ta toshe kunne. Ɓangaren da aka tura ya zagaya ta hagu ya maƙale a sarƙaƙiya. Oba-oba ta ƙi aiki. Sai mai aunawa ya taɓa kafaɗar wani ya ce an harbe shi a cinya, yaron ya faɗi yana ihu. Yanzu fa idanun kowa suna kan ɗalibin da jiya war haka yake ajin kimiyyar sinadarai. Wasu sukan daskare. Wasu su manta su shugabanni ne, su kwanta su yi ta harbi kamar kowa. Wasu su ruga wurin mai rauni su bar sauran babu mai ba da umarni. Wanda ya fahimci aikin yakan ɗaga murya ya ba kowane ɓangare abin yi, ya sa a danne wutar abokan gaba tukuna, sannan a ja mai rauni zuwa maɓoya a ɗaure cinyar da maɗaurin tsayar da jini, a rubuta lokacin da aka ɗaura, a aika saƙon neman ɗauka mai layi tara. Ɗaukar mutum a kan makara cikin daji na mita ɗari biyu kawai yana koya wa kowa dalilin da ya sa ake fitowa gudu da asuba.

Masu aunawa ba su cika damuwa da ko an ci sansanin ba. Suna duba ko ya yanke shawara a kan lokaci, ko muryarsa ta isa ga kowa, ko ya saurari mataimakansa, ko ya san adadin mutanensa bayan ƙura ta lafa. Suna kuma duban sa bayan an sauke shi. Wanda ya yi ta zuba umarni da safe, in da rana ya koma mabiyi ya riƙa jan ƙafa yana gunaguni, an ga ainihinsa.

Zaman faɗin gaskiya

Bayan kowace tasha sai a zauna a ƙasa a yi da'ira, har da waɗanda suka yi abokan gaba. Tambayoyin sanannu ne: me aka shirya yi, me ya faru a zahiri, me ya jawo bambancin, me za mu riƙe, me za mu gyara. Rundunar sojan Amurka ta raya wannan al'ada ne bayan yaƙin Biyetnam, lokacin da take ƙoƙarin sake gina kanta, kuma daga baya asibitoci da 'yan kwana-kwana da kamfanoni suka ara.

A wannan zama ɗan aji ɗaya yana da bakin cewa bai ji umarnin ba, ko kuwa an ajiye shi a inda ba ya ganin komai. Abokan gaba su faɗi tun daga ina suka jiyo ƙarar gorar ruwa. Shugaban ya saurara a gaban kowa, ba tare da kare kai ba. Ga matashin da ya saba zama na ɗaya a aji, wannan ya fi ɗaukar jaka nauyi. A ganina, nan ne mafi darajar abin da ake samu a kwanakin nan. Rundunar da ƙaramin soja ke tsoron gaya wa hafsa cewa hanyar nan ba ta ɓullewa, za ta ji labarin kuskurenta ne daga bakin abokan gaba. Hafsan da ya saba jin gyara tun yana ɗalibi, kunnensa zai kasance a buɗe ranar da tsohon saje ya ja shi gefe.

Abin da ke bayan kakin

Ba daidai ba ne a ba da wannan labari kamar wasan motsa jiki. Ko atisayen kansa yana da haɗari. Zafi na kayar da mutane, sanyi ma haka, ga kaska mai ɗauke da cutar Lyme a dazuzzukan arewa maso gabas, ga targaɗe da karaya. Dalili ke nan ake tafiya da ma'aikatan jinya, ake tilasta shan ruwa, ake sa shugabanni su duba ƙafafun mutanensu da idonsu. Duk da haka, a watan Yulin 2025 wani ɗan kadet mai shekara 22 ya rasu yana cikin atisayen taswira a Fort Knox.

Akwai kuma maganar kuɗi. Karatun jami'a a Amurka yana da tsada ƙwarai, miliyoyin mutane suna fita da bashi a wuya. ROTC na iya biyan kuɗin makaranta gaba ɗaya, ta ƙara dala 1,200 a shekara don littattafai, da alawus na dala 420 a wata ga wanda ya sa hannu. Abin da za a biya da shi shekara takwas ne na hidima, ga masu tallafi yawanci huɗu a cikakken aiki, sauran a rundunar ko-ta-kwana. Tun da aka daina ɗaukar soja dole a 1973, masu suka suna cewa nauyin yaƙi ya koma kan waɗanda ba su da wata hanyar biyan karatu. Magana ce mai nauyi, domin yaron da ya sa hannu yana da shekara goma sha tara bai san yaƙin da shugabannin ƙasarsa za su shiga ba sa'ad da ya kai ashirin da uku.

Jami'o'in ma sun taɓa juya wa shirin baya. A zamanin yaƙin Biyetnam ɗalibai masu zanga-zanga sun ɗauke shi a matsayin hannun yaƙi a cikin makaranta. A daren 2 ga Mayun 1970 aka ƙone ginin ROTC a jami'ar Kent State ta jihar Ohio. Bayan kwana biyu dakarun jihar suka buɗe wuta suka kashe ɗalibai huɗu, ɗaya daga cikinsu ma ɗan ROTC ne. Harvard ta rabu da shirin a wancan zamani, bai koma ba sai 2011. Masu goyon baya kuwa hujjarsu ita ce ta Partridge: hafsan da ya zauna aji ɗaya da masu adawa da yaƙi, ya yi musu da su, ya ci abinci da su, zai fi wuya ya ɗauki farar hula a matsayin abokan gaba. Muhawarar ba ta mutu ba, kuma bai kamata ta mutu ba, domin ƙasar da ta daina tambayar inda ake kai matasanta ta yi sakaci da su.

Lahadi da abin da ke gaba

Yawancin makarantu suna rufe atisayen da doguwar tafiya da kaya a baya tun kafin gari ya waye, kilomita goma ko fiye. Daga nan sai tsintar kwankon harsasai, a caje aljihun kowa don kada ko ɗaya ya bi wani zuwa makaranta, a zauna goge bindigogi har sai mai kula da ma'ajiyar makamai ya sa yatsa bai ga baƙi ba. 'Yan aji uku kuma kowa ya karɓi takardar da aka rubuta ƙarfinsa da rauninsa.

Takardar tana da amfani, domin babbar jarrabawa na tafe. A hutun bazara tsakanin aji uku da aji huɗu, dubban 'yan kadet daga duk faɗin ƙasar suna haɗuwa a Fort Knox na kwana 35 ko kusa da haka, cikin zafi da gumi, tare da mutanen da ba su taɓa gani ba. Sakamakon can, da makin karatu, da ƙarfin jiki, su ake haɗawa a jera ɗalibai, kuma jerin yana da tasiri a kan wanda zai shiga cikakken aiki da sashen da za a tura shi, ko dakarun ƙasa, ko jiragen sama masu saukar ungulu, ko injiniyoyi, ko sadarwa. Ranar da ya karɓi digiri, a ranar ko kusa da ita yake rantsuwar kare tsarin mulki a maƙala masa aninin ƙaramin laftanar.

Kwana biyu a daji ba sa mayar da ɗalibi mayaƙi, kuma malamansa sun fi kowa sanin haka. Harsashi mara kai ba ya koyar da tsoron mutuwa, kuma babu tashar da za ta shirya mutum ga ranar da zai rubuta wa wata uwa takardar ta'aziyya, ko ranar da za a ba shi umarnin da ya saɓa wa doka ya zama dole ya ƙi. Abin da kwanakin ke iya dasawa ɗabi'u ne, waɗanda ake maimaitawa har su zama jiki: ka ƙirga mutanenka kafin ka zauna, ka bari su ci kafin ka ci, ka duba ƙafar na ƙasa da kai, in ka ɓata ka faɗa da wuri, in an gyara maka ka karɓa. Hafsa ba ya ƙirƙiro waɗannan a ranar tashin hankali. In ba su shiga jikinsa tun yana ɗalibi ba, sojojin da ke ƙarƙashinsa ne za su biya kuɗin koyonsa.